Alƙalin da Bai Taɓa Riƙe Anini Ba: Yadda eBay Ke Raba Gardamar Tsofaffin Kuɗi

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma duk wanda ya shiga sha'anin tara tsofaffin kuɗi a wannan zamani ya san cewa yawancin cinikinsa na biri a sama ne. Anini da ɗari da kobo mai huji, da taro da sisi da sule, waɗanda kakanninmu suka kashe a kasuwannin Kano da Katsina da Zariya, yau mafi kyawunsu suna cikin akwatunan 'yan kasuwa a Ingila da Amurka da Jamus, kuma hanyar da ta fi sauƙin kaiwa gare su ita ce kasuwar intanet ta eBay. Mutum zai kalli hoto biyu ko uku, ya karanta layuka kaɗan na bayani, ya biya, sannan ya zauna jiran abin da bai taɓa riƙewa a hannunsa ba. Idan kayan suka iso aka ga ba haka aka zata ba, sai gardama ta tashi, kuma tsarin da kamfanin ya shimfiɗa domin raba wannan gardama shi ne abin da nake son dubawa a nan, bayan shekarun da na yi ina sayen tsabar kuɗi da takardun kuɗi na Afirka ta Yamma ta wannan hanya.

Abin mamaki, batun lafiyar kaya yana tare da wannan kasuwa tun ranar da aka buɗe ta. Lokacin da Pierre Omidyar ya kafa shafin a 1995, ɗaya daga cikin kayan farko da ya sayar shi ne ɗan tocilan mai hasken leza, irin wanda ake nuni da shi a allo, wanda ya riga ya lalace, aka saye shi a kan dala 14 da santi 83. Sai da ya tuntuɓi mai sayen ya tambaye shi ko ya fahimci cewa abin ba ya aiki, shi kuwa ya amsa cewa ya sani, kuma a haka yake so. Wannan ciniki bai haifar da rigima ba domin an faɗi aibin tun kafin a biya, kuma a ganina duk tsarin da kamfanin ya gina daga baya a kan wannan tushe ɗaya yake tsaye: ba ya tambayar ko kayan suna da kyau, yana tambayar ko sun dace da abin da aka rubuta.

Tsarin, wanda suka raɗa wa suna Money Back Guarantee, wato lamunin mayar da kuɗi, ba shi da wuyar fahimta. Mai saye yana da kwana 30 daga ranar da kaya suka iso ya shigar da koke cewa abin da ya karɓa ya saɓa wa bayanin da aka yi. Mai sayarwa yana da ranakun aiki 3 ya amsa, ko dai ya yarda a dawo masa da kayansa ya mayar da kuɗi, ko ya mayar da wani ɓangare na kuɗin mai saye ya riƙe kayan idan ya amince, ko ya mayar da kuɗin duka ba tare da neman kayan ba. Idan wa'adin ya wuce ba a daidaita ba, mai saye zai iya neman kamfanin ya shiga tsakani, kuma yawanci hukunci yana fitowa cikin kwana biyu. Kuɗin mayar da kaya a wuyan mai sayarwa yake muddin koken na saɓanin bayani ne, kuma rubuta cewa ba a karɓar kayan da aka dawo da su ba ya kuɓutar da shi a irin wannan hali. Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, idan yana da sabuwar hujja. Ga mai sayen waya ko riga, wannan ya wadatar, domin waya ko dai tana kunnuwa ko ba ta kunnuwa. Wahalar tana farawa ne idan aka zo ga kayan da darajarsu take cikin abin da ido mara horo ba ya gani.

Bari in ɗauki anini misali, tun da shi ne ƙaramin kuɗin da ya fi shiga bakin Bahaushe, har ya ba da sunansa ga maɓallin riga da tauraron kafaɗar hafsa. Na farkonsa, wanda aka buga a 1907, da alminiyam aka yi shi, kuma yana cikin kuɗaɗen alminiyam na farko da aka kashe a duniya. Sai dai ƙarfen bai jure yanayin ƙasarmu ba, ya riƙa cinyewa, shi ya sa a 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. Saboda haka anini na alminiyam mai santsin fuska, wanda tauraronsa mai tsini shida da rubutun Larabcin da ke jikinsa suka fito sarai, ya fi wanda ya ci tsatsa daraja nesa ba kusa ba, alhali shekararsu ɗaya, girmansu ɗaya, kuma a ƙaramin hoto da aka ɗauka da dabara ana iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. Haka nan ɗan harafin da ake sakawa a jikin wasu kuɗaɗen, H ko KN, wanda ke nuna ko a maƙerar Heaton aka buga su ko a ta Kings Norton, duka biyun a Birmingham, yana iya canza farashin kuɗi ɗaya na shekara ɗaya. Idan harafin ya goge har ba a iya tantance shi, mai sayarwa ya ce ya gani, mai saye ya ce bai gani ba, wane ne zai raba su?

Ma'aikacin da zai karanta koken ba masanin tsofaffin kuɗi ba ne, kuma ba zai taɓa riƙe aninin a hannunsa ba. Abin da ke gabansa shi ne rubutun tallar, da hotunan da ɓangarorin biyu suka ɗora, da saƙonnin da suka yi musaya a cikin shafin, da lambar bibiyar kaya. Wannan ba laifi ba ne a wurin kamfanin da miliyoyin kaya ke ratsawa ta hannunsa, amma wajibi ne mai tara kayan tarihi ya san irin alƙalin da zai tsaya gabansa. A kasuwar Kurmi, idan gardama ta tashi a kan tsohuwar azurfa, akwai dillalin da ya haɗa cinikin ya ci la'ada, wanda mutuncinsa ke rataye a kan kayan. Akwai maƙerin farfaru da zai ɗauki abin ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa ya saurari ƙararsa. Akwai kuma dattawan layi da suka san wanda ya saba ƙarya da wanda bai saba ba. A eBay babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai takarda.

Na ga amfanin wannan takarda da idona. Na taɓa sayen kobo na 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga karagar Ingila a watan Disamba na wannan shekara tun kafin a yi bikin naɗa shi. Kuɗin Afirka ta Yamma na cikin 'yan kaɗan da aka kashe da sunansa, kuma hakan ya yiwu ne domin kobo mai huji ba ya buƙatar hoton kan sarki, suna kawai ake rubutawa. Ba kuɗi ne mai wuyar samu ba, amma ina son mai kyau, don haka kafin in biya na aika wa mai sayarwar tambaya guda a cikin shafin: an taɓa wanke shi ko goge shi? Ya amsa da cewa ba a taɓa ba. Adireshin da na bayar na ƙanena ne da ke zaune a Ingila, shi ya karɓi kayan, kuma da ya karkata kobon a ƙarƙashin fitila ya ɗauko mini hoto, sai ga siraran ƙarce-ƙarce duk sun nufi gefe ɗaya, alamar an dirje shi da ƙyalle da man goge ƙarfe. Na shigar da koke a ranar, na ɗora hoton, na kuma nuna amsar da mutumin ya ba ni da kansa. Da farko ya ce hasken fitila ne, daga baya ya yi tayin mayar da kashi ɗaya cikin huɗu, da na ƙi sai ya aiko da takardar mayar da kaya, kuɗina suka dawo bayan kobon ya isa gare shi. Ba a ma kai ga kiran kamfanin ba. Abin da ya ci mini nasara ba ƙarcen ba ne, wannan amsa ce ta layi ɗaya. Da ban tambaya ba, da sai ya ce hotunansa suna nan kowa ya gani, kuma bai yi alkawarin komai ba.

A nan ya kamata in ɗan tsaya a kan batun wanki, domin shi ne inda tunaninmu ya fi karo da na wannan sana'a. Bahaushe idan ya tsinci tsohon sule a ƙasan adakar kakarsa, abin da zai fara yi shi ne ya nemo toka da lemun tsami ya dirje shi har ya yi ƙyalli, yana ganin ya ƙara masa daraja. A wurin masu tarawa kuwa ya kashe shi, domin launin tsufan da shekaru suka shimfiɗa a fuskar ƙarfe, da ɗan sheƙin asali da ya fito da shi daga maƙera, su ne shaidar cewa hannu bai taɓa shi ba, kuma idan suka tafi ba sa dawowa. Haka takardar kuɗi: fam ɗaya na Babban Bankin Najeriya na 1959 da aka jiƙa aka bi da dutsen guga zai miƙe ya yi kyau a hoto, amma takardar ta mutu, tudun tawadar da yatsa ke ji ya kwanta, kuma layin ninkin yana nan ga wanda ya ɗaga ta ya kalli haske ta gefe. Yawancin gardamar da na gani a wannan fanni ba a kan jabu ba ce, a kan irin wannan gyara ne da aka yi shiru a kansa, wani lokaci da gangan, wani lokaci kuwa mai sayarwar shi ma a haka ya saya bai sani ba.

Sai kuma kalmomin da ake auna lafiyar kuɗi da su, waɗanda su kansu tushen rigima ne. 'Yan kasuwa suna amfani da gajerun alamomi irin su VF da EF da UNC, daga mai matsakaicin gogewa zuwa wanda bai taɓa shiga hannun jama'a ba. Amurkawa sun ɗora lambobi a kan wannan, daga 1 zuwa 70, bisa ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, inda 60 zuwa 70 ke nufin kuɗin da ba a kashe ba. Matsalar ita ce EF na tsohon ɗan kasuwar Landan ya fi na Ba'amurke tsanani, don haka mutum biyu masu gaskiya za su iya kallon sule ɗaya su ba shi matsayi daban, kowannensu kuma yana kan daidai a bisa al'adar garinsa. Idan koken mai saye bai wuce cewa an rubuta EF shi kuwa yana ganin VF ba, to ya kawo ra'ayi ne ya kara da ra'ayi. Sau da yawa zai samu a karɓi kayan a mayar masa da kuɗinsa, domin tsarin ya fi karkata ga mai saye, amma kada ya ɗauka an tabbatar da cewa shi ne mai gaskiya. An dai kashe wutar ne ta hanya mafi sauri.

Kamfanin ya san wannan rauni, kuma maganin da ya nema shi ne jingina da kamfanonin tantancewa masu zaman kansu. PCGS da aka kafa a 1986, da NGC da ya biyo baya a 1987, da PMG mai kula da takardun kuɗi tun 2005, suna karɓar tsabar kuɗi ko takardar kuɗin da aka aika musu su duba ingancinsa, su ba shi lamba a kan wancan ma'auni, su rufe shi cikin gidan roba mai like da lambar rajista da kowa zai iya bincikawa a shafinsu. A shafin eBay na Amurka, ba a yarda mai sayarwa ya rubuta lambar daraja a kan tallarsa ba sai idan ɗaya daga cikin kamfanonin da aka amince da su ne ya ba da ita, kuma tsabar kuɗin da aka yi wa farashin dala 2,500 zuwa sama dole ne ta kasance tantancacciya. Tun 2012 kuma an hana sayar da kwaikwayon tsabar kuɗi gaba ɗaya, ko da an rubuta cewa kwaikwayo ne. Waɗannan dokoki ina yaba su ba tare da wani sharaɗi ba, domin sun rage gardama tun daga tushe. NGC idan ya ga an wanke kuɗi ba ya ba shi lamba, sai ya rubuta aibin ɓaro-ɓaro a jikin takardar da ke cikin robar. PMG kuma yana ƙara haruffan EPQ ga takardar da ya gamsu ba a taɓa yi mata gyara ba. Mai sayen irin wannan kaya ya san abin da yake saye, kuma idan aka aiko masa da wata roba mai lamba daban, hujjarsa a fili take, ko wanda bai san kobo ba zai iya karanta lamba.

Amma kuɗin tantancewa da na aikawa sun fi ƙarfin yawancin kuɗaɗenmu, waɗanda farashinsu bai wuce 'yan daloli ba, don haka galibin anini da sisi da za ka gani tsirara ake sayar da su, ba roba ba lamba. Kuma robar ma ba wahayi ba ce: akwai masu fasa ta su sake aika kuɗin da fatan samun lamba mafi girma, wani lokaci kuma su samu, akwai kuma robobin jabu masu ɗauke da lambar rajista ta gaskiya da aka kwafo, shi ya sa duba lambar kaɗai bai isa ba sai an gwada hoton da kamfanin ya ajiye da kuɗin da ke cikin talla, tabo da tabo. Shi kansa eBay yana da wani tsari da ya fara a 2020 da agogo masu tsada da takalman ƙwalisa, ya faɗaɗa shi zuwa jakunkunan mata da katunan 'yan wasa, inda kaya ke biyawa ta hannun masani kafin su isa ga mai saye. Wannan shi ne mafi kusa da dillalinmu na Kurmi, kuma ya nuna cewa kamfanin ya gane inda gizo ke saƙa, sai dai kobo mai huji na dala goma ba ya cikin wannan lissafi.

Akwai wani nau'in gardama da mai saye ke faɗuwa a cikinsa, kuma ya cancanci faɗuwar. Dalar azurfa mai hoton Maria Theresa, wadda fatake suka ratso Sahara da ita, mata suka yi ado da ita, maƙera suka narkar da ita suka yi zobba da awarwaro, kusan kowacce tana ɗauke da shekarar 1780. Wannan ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan haka, a Viyana da Landan da Faris da Rum da Bombay, ba a canza musu shekara ba. Har yau ana buga ta a Ostiriya da wannan lamba. Mai sayarwar da ya rubuta 1780 bai yi ƙarya ba, abin da ke jikin kuɗin ya karanta. Wanda ya biya kuɗi mai yawa yana zaton ya samu abin ƙarni na goma sha takwas, sannan ya gano bugun ƙarni na ashirin ne, jahilcinsa ne ya cuce shi, sai fa idan tallar ta ce bugun asali ne. Abin da yake koke na gaskiya a kan wannan dala shi ne tabon dalma a gefenta, inda aka taɓa liƙa mata kunne domin a rataya a wuya sannan aka cire aka goge wurin, domin wannan aibi ne da ake iya nunawa a hoto, kuma ɓoye shi saɓa wa bayani ne.

Wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ba zai ji wannan rarrabewa baƙuwa ba. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, suka ce idan ya zo yadda aka siffanta ciniki ya tabbata, idan ya saɓa mai saye yana da zaɓi. Sun kuma ba shi zaɓin mayarwa idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Tsarin eBay ya riƙe rabin farko da kyau. Rabi na biyu, wato aibin da aka yi shiru a kansa ba tare da an faɗi ƙarya ba, shi ne inda yake tangaɗi, domin tabbatar da shi na buƙatar ido, ba karatu ba.

Adalci ya sa in juya ga ɓangaren mai sayarwa, domin wanda yake saye yau wata rana zai so rage abin da ya tara. A nan tsarin yana da nauyi ƙwarai. Mai saye mara tsoron Allah zai iya karɓar kobo mai kyau, ya ce ba haka aka siffanta ba, ya mayar da wani mai shekara ɗaya amma gogagge, kuma lambar bibiyar kaya za ta nuna cewa an mayar, ba za ta nuna abin da ke cikin ambulan ba. Akwai kuma masu kamun kifi da koke, waɗanda ba sa son mayar da kaya, ragi kawai suke nema bayan an gama ciniki, suna sane da cewa mai sayarwa zai gwammace ya saki wani abu da ya biya kuɗin aikawa sau biyu. Tun 2008 masu sayarwa ba sa iya rubuta mummunar shaida a kan mai saye, don haka ba a gane irin waɗannan mutane da wuri. Abin da aka bar musu na kariya shi ne kai rahoton mai saye, da ɗaukaka ƙara, da kuma damar da wasu ke da ita, musamman masu karɓar mayarwa kyauta, ta cire har rabin kuɗin idan kaya suka dawo a wani hali daban. Yana taimakawa, amma bai kai nauyin kariyar da ke ɗaya ɓangaren ba. Tsofaffin 'yan kasuwa har yau suna tuna labarin da ya bazu a farkon 2012, lokacin da PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ke ƙarƙashin eBay, na wani tsohon goge irin na Turawa da aka sayar a kan dala 2,500, mai saye ya ce jabu ne, PayPal ya umarce shi ya farfasa shi kafin a mayar masa da kuɗinsa, ya kuwa farfasa ya aika da hoto. Dokar da aka yi domin jabun jaka da agogo ce ta faɗa a kan abin da ba shi da na biyu.

Ga mu da ke saye daga Najeriya ko Nijar kuwa, akwai rami guda da ya fi duk waɗannan zurfi, kuma da yawa ba sa ganinsa sai sun faɗa. 'Yan kasuwa da dama ba sa aikowa ƙasashenmu kai tsaye, don haka mutanenmu suna ba da adireshin kamfanonin da ke karɓar kaya a Amurka ko Ingila su turo gida. Ƙa'idar lamunin ta fitar da kayan da aka sake turawa wani wuri bayan sun isa adireshin da aka bayar, kuma kwana 30 ɗin suna fara ƙirguwa ne daga ranar da kaya suka sauka a can, ba ranar da suka shigo hannunka a Kano ko Maraɗi ba. Na koyi wannan da kuɗina. Wata takardar fam ɗaya da na saya ta zauna wajen wani ɗan'uwa kusan wata biyu tana jiran mai zuwa gida, ba wanda ya buɗe ambulan, kuma da ta iso na ɗaga ta a hasken taga na ga layukan ninki uku da guga ta kwantar. Wa'adi ya riga ya wuce, mai sayarwar bai amsa saƙona ba, kuma ba ni da wanda zan zarga sai kaina, domin ƙa'idar a rubuce take ban karanta ba. Ko da a ce lokaci bai ƙure ba, mayar da ita daga nan wani aiki ne, tun da kamfanonin aika kaya da yawa ba sa son ɗaukar kuɗi ko da tsofaffi ne, kuma mayarwar da ba ta da lambar bibiya kamar ba a yi ta ba ce. Idan darajar kayan ta kai dala 750, sai an haɗa da sa hannun mai karɓa.

Rami na biyu shi ne tayin da wasu masu sayarwa ke yi na a kammala ciniki a waje, ta WhatsApp ko ta tura kuɗi kai tsaye, a rage maka abin da kamfanin zai cire. Duk wanda ya amsa wannan tayi ya fita daga inuwar lamunin gaba ɗaya, kuma saƙonnin da aka yi a wajen shafin ba su da nauyin waɗanda aka yi a cikinsa. Haka nan wanda ya yi gaggawar kai ƙara bankinsa alhali kokensa na buɗe a eBay, ya sani cewa koken zai rufe, magana ta koma hannun banki, ba a bin hanyoyin biyu a lokaci guda.

Hukuncina a kan wannan tsari ya rabu gida biyu. A wajen ƙarya bayyananniya, wato jabun kuɗi, ko shekarar da ba ita ba, ko huji da tabon da aka ɓoye, ko robar da lambarta ta saɓa, yana aiki da sauri kuma ba ya cin ko kwabo daga mai saye, abin da ba kowace kasuwar intanet ke bayarwa ba. A wajen saɓanin ido kuwa, wato ko an wanke, ko an goge, ko matsayin ya kai yadda aka ce, ba ya yanke hukunci a kan gaskiyar kaya, yana dai warware cinikin ne, kuma galibi mai sayarwa ne ke ɗaukar asarar. Saboda haka yadda nake saye yanzu ya canza. Ba na biya sai na sa mai kaya ya amsa mini a rubuce, a cikin shafin, ko an wanke, ko an yi guga, ko akwai hujin allura ko tabo a gefe, na kuma nemi hoton da aka ɗauka a karkace ƙarƙashin fitila. Wanda ya ƙi amsawa na bar masa kayansa. Adireshin da nake bayarwa na mutum ne da zai buɗe ambulan a ranar da ta iso, yana ɗaukar bidiyo tun kafin ya yage bakinta, ya turo mini hotuna kafin dare. Abin da ya wuce ƙarfin aljihuna in yi asararsa kuwa, sai mai roba da lamba. Ƙanena ya gaji da wannan aiki har ya sayi nasa gilashin ƙara girma, kuma a watan jiya shi ne ya fara hango cewa harafin KN da aka yi mana alkawari a jikin wani ɗari babu shi, tun kafin in buɗe hotunan da ya turo.